Tambaya da Amsa: Robar Babur Ɗin Ƙanƙara Tana Narkewa a Gefen Salansa

Wasiƙun wannan makon yawancinsu daga ƙasashen sanyi suka zo, kuma a kan abu ɗaya suke: babur ɗin da ake hawa a kan dusar ƙanƙara. Ga wanda bai taɓa ganinsa ba, ba shi da taya ko ɗaya. A gaba ƙafafu biyu ne dogaye masu sulɓi, a baya kuma bel ne mai faɗi mai haƙora irin na katafila, shi ke tura shi. Joseph-Armand Bombardier ne ya fito da samfurin Ski-Doo a 1959 a garin Valcourt na lardin Kebek a Kanada, kamfanin Polaris mai ƙera irinsa kuma a Roseau ta jihar Minesota a Amurka ya samo asali. A yawancinsu inji da salansa a gaba suke, a rufe cikin murfin roba, kuma daga nan rigimar take tasowa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina zaune a lardin Alberta. Na sayi babur ɗin ƙanƙara na hannu, mai silinda biyu, 600cc, irin wanda ke ƙona fetur haɗe da mai. Bayan fita uku sai na ga murfin gefen dama ya kumbura kusa da salansa, wani wuri ma ya huje, kuma ina jin ƙaurin roba. Na liƙa tef mai ƙyalli a ciki, kwana biyu ya ɓanɓare. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, yaya roba za ta narke a sanyin da ya kai digiri 20 ƙasa da sifili?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Sanyin da kake ji a fuskarka bai shiga cikin murfin ba. Hayaƙin da ke fita daga silindar irin injinka, idan ka murɗe totur, yakan kai digiri 600 zuwa 700 a ma'aunin salshiyos. Robar murfin kuwa galibi dangin wadda ake kira PP (polypropylene) ce, wadda ke narkewa a wajen digiri 160, kuma tun kafin nan ta yi laushi ta fara lanƙwasa. Tsakanin waɗannan biyun tazarar 'yan santimita ce kawai. Abu uku masana'anta suka dogara da su don a zauna lafiya: ratar iska tsakanin ƙarfe da roba, takardar alminiyom mai ƙyalli da aka liƙa a cikin murfin, da iskar da ke ratsawa ta ƙofofin murfin yayin tafiya. Babur ɗin ya yi shekaru bai narke ba kafin ya zo hannunka, ko ya zo da ciwon a ɓoye. Ko ta yaya, ɗaya daga cikin ukun nan ya kauce, ko kuma hayaƙi yana fita ta inda bai kamata ba. Liƙa tef ba tare da gano wannan ba, an kashe maciji ne ba a sare kansa ba.

Fara da karanta tabon, don tabon da kansa yana faɗin abin da ya yi shi. Cire murfin ka kifa shi a kan tebur, cikinsa yana kallon sama. Idan tabon yana da siffa tsaf, ya bi lanƙwasar bututun, kuma ka ga baƙar roba ta manne a jikin ƙarfen, to taɓawa ake yi. Idan kumburin mai faɗi ne, robar ta yi tudu da kwari kamar kwanon roba da aka ajiye kusa da murhu, babu baƙi a jikinsa, to hucin ƙarfen ne ke gasa ta daga nesa, kuma za ka tarar takardar ƙyallin ta yage, ko ta faɗi, ko maiƙo ya dusashe ta. Idan kuwa ramin ƙarami ne, gefensa da kunkunniya mai maiƙo, har ka ga ta fantsama ta gefe ɗaya kamar an fesa, to hayaƙi ne ke hurowa daga wata kafa. Tunda ka ce wani wuri ya kumbura wani ya huje, zato mafi ƙarfi shi ne biyu ne suka haɗu: kafa ta fara huro hayaƙi, maiƙon ya kashe gam ɗin takardar, takardar ta saki, sai huci ya ƙarasa aikin.

Yanzu koma kan babur ɗin, inji a sanyaye. Salansar waɗannan babura ba a ɗaure take kam da noti ba. Daga silinda akwai bututu mai reshe biyu da ke haɗewa ya zama ɗaya, sai babban bututu mai ƙaton ciki, sai tukunyar ƙarshe mai rage ƙara. Sifirin ne ke riƙe da mahaɗansu, don injin yana girgiza a kan robobinsa kuma dole salansar ta ɗan motsa tare da shi. Kama babban bututun da hannu biyu ka jijjiga. Ya kamata ka ji yana turjewa yana komawa mazauninsa. Idan ya yi ƙwal-ƙwal, ƙirga sifirin ɗin: kowane ƙugiya da ka gani a jikin ƙarfen ya kamata a ce da sifirin a maƙale. Ɗaya ya ɓalle, mahaɗin ya karkace, kafa ta buɗe. Duba kuma bakin ƙugiyoyin, don girgiza tana cinye su har su zama siriri kamar allura. A mahaɗin akwai zoben gasket mai kama da ƙawanya, launin toka mai sheƙi. Idan ya farfashe ko ya lotsa ta gefe ɗaya, aikinsa ya ƙare. Sai robobin da tukunyar take zaune a kansu ta ƙasa. Ƙananan abubuwa ne marasa tsada, amma idan ɗaya ya faɗi ko ya narke, tukunyar sai ta zame ta jingina da murfi. Daga ƙarshe duba notin da ke ɗaure bututu mai reshe biyu da silinda, ka ɗaure su da ƙarfin da littafin babur ɗin ya faɗa, sannan ka bi layukan walda da fitila kana neman tsaga.

Idan ido bai gano kafar ba, fitar da babur ɗin waje, ka fesa ruwan sabulu a mahaɗan, ka tayar da injin. A cikin daƙiƙa talatin na farko, kafin ƙarfen ya ɗau zafi, kumfa zai nuna maka wurin. A waje muka ce, ba a cikin gareji ba. Hayaƙin nan yana da gubar da ba ta da wari, kuma a ƙasashen sanyi inda ake rufe ko'ina ruf, tana kashe mutane.

Sifirin kada ka canza ɗaya ka bar sauran, ɗauki saitin gaba ɗaya, don tsoho da sabo ba sa ja daidai. Yi amfani da ƙugiyar jan sifirin, ka sa tabarau. Filaya tana ƙarzar wayar, kuma daga wannan ƙarzar yake karyewa. Bayan ka maƙala, ja layi ɗaya na jan silikon mai jure zafi a tsawon kowane sifirin. Yana kashe kaɗawar da ke gajiyar da shi, kuma ko ya karye ba zai yi tsalle ya ɓace ba.

Ratar da ke tsakanin bututu da murfi ba a ganinta idan an rufe, amma akwai dabara. Dunƙule takardar alminiyom ta kicin sako-sako kamar girman lemun tsami, ka ɗora a kan bututun daidai inda tabon yake, ka rufe murfin ka kulle shi kamar za ka tafi, sannan ka buɗe. Kaurin da dunƙulen ya koma shi ne ratarka. Ana son milimita 20 zuwa 25, kusan faɗin babban yatsa. Ƙasa da 10 kuwa, da injin ya ja ya karkata a kan robobinsa, taɓawa za a yi. Idan salansar tana mazauninta daidai amma ratar ta yi kaɗan, to murfin ne ya shigo ciki, ko ƙarfen da ke riƙe da shi ya lanƙwashe. Babur na hannu da ya taɓa gwabza wa itace ko ya kife ta wannan gefen yakan zo da haka, mai sayarwa kuma ba lallai ya faɗa ba.

Batun tef ɗinka, abu huɗu ke sa ya saki, kuma mai yiwuwa duk sun haɗu. Robar PP gam ba ya son kama ta, yana zamewa a kanta kamar ruwa a ganyen gwaza. Cikin murfin yana da maiƙon hayaƙi. An liƙa a cikin sanyi, gam kuwa ba ya naɗewa a sanyi. Na huɗu, mai yiwuwa tef ɗin bututun iskar gida ne, wanda ba a yi shi don salansa ba. Nemi wanda aka yi don injina, mai fuskar alminiyom da zaren gilas a bayansa. Ka karanta kwalinsa da kyau: lamba biyu ake rubutawa, babba na hucin da fuskarsa ke iya mayarwa, ƙarami na zafin da gam ɗinsa ke jurewa. Ƙaramin shi ne ke yanke hukunci. Shigar da murfin ɗaki ya kwana, ka wanke shi da sabulun wanke-wanke da ruwan ɗumi har sau biyu, ya bushe, ka goge da barasar goge rauni, ka ɗan gurza da samfefa mai laushi, ka fesa sinadarin share fagen gam da ake sayarwa don robar bamba, sannan ka liƙa. Fara daga tsakiya zuwa gefe, kana dannawa da bayan cokalin katako don kada iska ta maƙale. Kowane layi ya hau kan ɗan'uwansa da milimita 10, kuma ya wuce iyakar tabon da aƙalla santimita 5 ta ko'ina. Bar shi awa 24 a ɗumi kafin ka fita da shi. Kada ka rufe ƙofar iska ko ɗaya.

Inda zafin ya tsananta, tef shi kaɗai ba ya isa. Yanki farantin alminiyom mai kaurin milimita 0.5 zuwa 0.8, ka lanƙwasa shi ya bi siffar murfin, ka kafa shi da ribit na milimita 4.8 da wosha mai faɗi ta bayan robar, amma ka sa abin tazara na milimita 6 zuwa 10 tsakanin farantin da robar. Wannan 'yar iskar da ke tsakani ta fi kaurin farantin amfani. Masu manna faranti kai tsaye a jikin roba gyaran gangar Auzinawa suke yi, don alminiyom yana kai zafi da sauri, sai ya kwashe shi ya shimfiɗa wa robar. Kada kuma a yi masa fenti, ƙyallin ne ke aiki.

Bayan gyara, yi tafiyar minti 20, ka tsaya ka auna bayan murfin ta waje da na'urar auna zafi ta nesa. Idan ya doshi digiri 90, da sauran aiki. Kada ka auna a kan takardar mai ƙyalli, na'urar ruɗewa take yi a kan abu mai sheƙi ta ba ka lambar da ba ta kai gaskiya ba.

TAMBAYA: Malam, ina koyon kanikanci a Minesota. Murfin da ya riga ya narke, ana iya gyara shi ko sai sabo?

AMSA: Ya danganta da irin lalacewar. Wanda ya lanƙwashe kawai, launinsa bai sauya ba, yana komawa. Ɗumama shi da bindigar zafi, wato na'urar hura iska mai zafi, ta ciki, kana kewayawa ba ka tsaya wuri ɗaya ba, daga nisan santimita 10 zuwa 15. Da ka ji ya fara bin hannu, tura shi da guntun katako zuwa siffarsa, ka riƙe, ka ɗora jiƙaƙƙen tsumma har ya huce. Amma wurin da ya koma ruwan ƙasa, ya yi ƙuraje, yana marmashewa in ka karce da farce, ya mutu. Yanke shi za a yi har sai an iso lafiyayyar roba.

Kafin walda, san robar da kake aiki da ita. A cikin murfin akwai hatimi, haruffa tsakanin alamomi biyu masu kama da bakin kibiya: PP, TPO, PE ko ABS. Sandar waldar dole ta zama irin robar. PE ba ta kama PP da kyau ko da a ido sun yi kama, za ka ga kamar ta zauna, sanyi na bugunta ta ɓalle. Idan hatimin ya goge, ɗiga asiton, sinadarin goge jan farce, a wani lungu: ABS za ta yi danƙo, PP ko a jikinta. Sandar da ta fi kowace dacewa ita ce siririn yanki daga tsohon murfi irinsa.

In akwai tsaga, huda ƙarshenta da ƙaramin bakin na'urar huda na milimita 3 don kada ta ci gaba. Fafe layin ya zama kwari mai siffar V, ka kankare fuskar robar har sabuwa ta fito. Iskar waldar ta kasance wajen digiri 300 ga PP. Narkar da sandar da gefen kwarin lokaci ɗaya, kana danna sandar a tsaye. Hayaƙi ko launin rawaya na nufin ka ƙona, rage zafi. Rami mai faɗi kuma sai ka nutsa ragar ƙarfe marar tsatsa ta ciki da bakin ƙarfen sodar, ka rufe ta da narkakkiyar roba. Gam mai haɗi biyu da facin zaren gilas ba sa daɗewa a kan wannan robar. Idan kuwa narkewar ta cinye kunnuwan da ke kulle murfin, nemi na hannu a wurin masu fasa babura, don murfin da ba ya kulluwa daidai zai koma ya jingina da salansar.

TAMBAYA: Abokaina sun ce in naɗe bututun da ƙyallen zaren gilas, wai zafi ba zai fito ba. Kuma ina so in sa ƙaramar tukunyar kasuwa mai ƙara.

AMSA: Naɗin yana rage hucin da ke isa ga murfi, wannan gaskiya ne. Amma babur ɗin nan cikin dusar ƙanƙara yake wuni. Ƙyallen yana shan ruwa, yana riƙe shi a jikin ƙarfe, tsatsa tana ci ta ƙasa ba ka gani. Yana kuma shan mai, kuma ƙyalle mai maiƙo a kan ƙarfe mai zafi lagwani ne. Ga injin da ke ƙona fetur da mai akwai ƙarin magana: siffar babban bututun da zafin hayaƙin da ke cikinsa suna cikin lissafin ƙarfin injin, sauya zafin yana iya matsar da inda injin ke ba da ƙarfinsa. Yawancin bututun masana'anta sun zo da rigarsu ta alminiyom da abin tare zafi a ciki. Idan rigar ta kwance, gyara ta ya fi naɗi.

Tukunyar kasuwa ta fi sauƙin nauyi, amma sau da yawa ba ta da rigar da ta asali take da ita, kuma bakinta ba lallai ya faɗa tsakiyar ramin ƙasan babur ba. Bakin da ya karkace da milimita kaɗan zai yi ta gasa gefen ramin. Idan ka dage, yi gwajin dunƙulen alminiyom ta kowane gefe, ka leƙa ta ƙasa ka tabbatar bakin ya leƙo waje. Ka kuma bincika dokar wurinku tukuna, don jihohi da larduna da dama suna cin tara a kan salansar da aka sauya ta ƙara ƙara.

TAMBAYA: Ina aiki a wurin masu yawon buɗe ido kusa da Rovaniemi a Finlan. Baburanmu sukan daɗe a tsaye inji na aiki muna jiran baƙi. Biyu sun narke ta ƙasa, ɗaya kuma ya yi hayaƙi ranar farko da aka fito da shi bayan ajiya, ko da yake salansarsa lafiya lau.

AMSA: 'Yar'uwa, silo mai tsawo shi ne na farko da za a tuhuma. Murfin nan iskar tafiya yake jira. A tsaye, zafi taruwa yake yi a ciki ba mai kore shi. Minti uku zuwa biyar na ɗumama inji sun isa, in jiran zai wuce haka a kashe. Sannan a lura da inda aka tsaya: a dusa mai zurfi babur yana nutsewa, bakin salansar ya toshe, hayaƙin ya dawo yana lasar robar ƙasa. A tattake wurin ko a share ƙarƙashin bakin da ƙafa. Ƙofofin iskar gaba ma sukan cushe da dusa bayan an ratsa mai laushi, a riƙa kakkaɓe su da hannu.

Wanda ya yi hayaƙi bayan ajiya, a buɗe a nemi sheƙar ɓera. Suna yagar soson cikin murfi su tara shi da ciyawa a kan salansa ko cikin tukunyar. Soson da ya saki yana lilo, ko ya jiƙe da mai, a cire shi a sa sabo. Kuma da yake baƙi ne ke hawa, a duba birkin fakin kafin kowa ya tashi. Wanda ya tafi da birki a kulle, farantin birkin yakan yi ja wur, ya narkar da abin da ke kusa, har wuta ta tashi, a zo ana zargin salansa.

Idan duk wannan lafiya ne amma zafin ya wuce kima, a cire filogi a duba. Ruwan ƙasa kamar shayi da madara shi ne daidai. Fari fat na nufin fetur ya yi wa iska kaɗan, kuma injin yana zafi fiye da ƙa'ida. A babura masu kabureta wannan yakan faru idan sanyi ya tsananta, don iska mai sanyi ta fi nauyi, tana bukatar ƙarin fetur. Littafin babur yana da jadawalin girman jet, wato 'yar kafar da fetur ke bi a kabureta, gwargwadon sanyi da tsayin wuri. Wannan ba a jinkirta shi, don bayan murfi fiston ne zai biyo.

TAMBAYA: Daga Kano nake. Mu ba mu da ƙanƙara, amma robar gefen roba-robata ta narke a saman salansa. Maganin ɗaya ne?

AMSA: Ɗaya ne, Malam, sai dai naka ya fi sauƙi tunda salansar a fili take. Duba ƙarfen kariyar da ke kan salansar, don masu gyara sukan cire shi su manta, ko notinsa ya zube a hanya. Duba gasket ɗin wuyan salansa, in kana jin "tsit-tsit" da safe kafin injin ya ɗumama, shi ne. In babur ɗin ya taɓa faɗuwa ta dama, mariƙin salansar ya lanƙwashe ciki, a buɗe shi har babban yatsa ya shige tsakaninta da robar. Bambanci ɗaya: robar jikin irin waɗannan babura mai fenti sau da yawa ABS ce, wadda ke yin laushi tun a wajen digiri 105, don haka in za a yi mata walda a gwada da asiton tukuna a nemo sanda irinta. Buhu ko ledar kaya da ake ratayawa ta wannan gefen kuma a ɗaga su sama, kada su sauko su rufe salansar.